Tubalin da Aka Gutsura

Shekarar da gero ya yi albarka a Matameye, zamanin da ayarin raƙuma ke saukowa daga Damagaram su nufi Kano, Sallau magini ya ce zai tayar wa tsohuwarsa, Inna Tata, sabon ɗaki. Kowa a gidan ya yi murna ban da Baiwa, matar wansa. Da ta ga jakuna na shigowa da mangala ana jibge jar ƙasa a tsakar gida, sai ta waiwaya neman ɗanta.

Ɗanta Lawwali, da bai cika shekara huɗu ba, cin ƙasa yake yi. Katangar gidan duk ta yi ramuka daidai tsayinsa. Cikinsa ya fito kamar ɗan tulu, idonsa ya yi fari. An shafa wa bango maɗaci, ya koma bayan rumbu. An karɓo rubutu wurin Malam, ya shanye, ya nemi ƙari, ya koma bangonsa. Ranar da ƙasar gini ta iso Inna Tata ta yanke magana: in ta sake ganin ya ci ƙasa kafin a gama ɗakin, za a ɗora shi kan jaki a kai shi Kurni wurin ƙanwarta, inda gidan duka na zana ne, babu bangon da zai gaigaya.

Baiwa ba ta da bakin magana. Lawwali ɗan fari ne. Ko sunansa ba ta faɗi, ba ta ɗaukarsa gaban mutane, balle ta roƙi a bar mata shi. Mijinta kuma ya tafi fatauci. Ta ce, "To, Inna," ta ci gaba da daka, tana ji kamar ita ce a cikin turmin.

Da farko ta yi dabarar zaunar da shi kusa da ita, ta ba shi tsintar wake. Bai zauna ba. Yaran unguwa sun riga sun taru gefen Sallau suna kwaikwayonsa. Shi yana cura tubali babba, mai faɗin gindi da tsinin kai, su suna cura nasu kamar ƙwan zabo. Balki, 'yar maƙwabta mai shekara biyar, ta naɗa kanta sarkin magina ba wanda ya tambaye ta. Kafin Baiwa ta juya, nata yaron ya shige cikinsu. Ta ɗaga murya ta ce kai, wannan, zo nan. Yara duka suka waiwayo ban da shi. Ta ce wa Balki ta turo mata wancan. Balki, da ta san dawan garin, ta buɗe ido ta tambaye ta wanne daga ciki, ai suna da yawa, ta faɗi sunansa mana. Sallau ya yi dariya har tubali ya suɓuce masa.

Tunda kira ya gagara, sai ta ja turminta inda za ta riƙa hangensa. A nan ta lura da wani abu. Muddin hannayensa biyu na cikin aiki, bakinsa a rufe yake. Sai in tubalinsa ya baje, don ruwa yake zabga masa, Balki ta kore shi, ya koma gefe ya zauna, sannan yatsa ke tafiya baki.

Da ta kai wa Sallau fura, ta tsuguna ta ce a hankali akwai wani yaro a gidan nan da zaman banza ba ya yi masa kyau, ko za a sama masa aiki.

"Wane yaro kuma, matarmu?" in ji Sallau. "Ni dai ban san yaro marar suna ba."

Ta ce in ya shanye ya kife mata ƙwaryar, ta tashi.

Amma washegari ya kira Lawwali, ya ba shi ɗan kwando ya ce ya tsinto kashin jaki a turke, don da shi da ƙaiƙayi ake cuɗa ƙasar yaɓe ta yi danƙo. Yaron ya tsinto, ya zuba da hannunsa, ya shiga ya tattaka har gwiwa. Ya tsaya ya daɗe yana duban ƙasar, yana duban kwandon. Ranar bai kai yatsa baki ba.

Daga nan aiki ya kankama. Ya gane in ruwa ya yi yawa tubali zama yake kamar waina. Ya gane wanda bai sha rana ba, in an ɗora wani kansa, lotsawa yake. Ya jera nasa tsini ƙasa, suka zube, ya yi kuka, ya leƙa na Baba Sallau, ya juya su tsini sama. Yara suka yanke shawara ɗakin 'yan tsaki za su gina, suka yi rigima kan ƙofa, suka kamo kaza suka gwada, ta ƙi shiga, suka rushe suka faɗaɗa. Balki ta ɗora Lawwali kan gadin shanya, shi ke korar awaki daga tubalan da ke bushewa bayan rumbu. Da yamma Baiwa kan kai shi bayan ɗaki inda ba mai gani, ta wanke shi, ta buɗe bakinsa ta duba. Tas.

Ita ce dai ba ta da lafiyar kirki kwanakin nan. Ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa in an watsa mata ruwa da safe sai ya riƙa tsinka mata yawu.

Ɗakin Inna ya kai inda za a yi rufi, wata hantsi Balki ta taho da gudu riƙe da wani ɗan busasshen tubali. An gutsure kansa, ga sawun haƙora ɓaro-ɓaro. Ta kai wa Inna Tata, ta ce mai gadi ya ci kayan gadi. Inna ta juya tubalin, ta kira jikan nata.

"Maigidana, haka za mu yi da kai? Ina dafa maka tuwo kana bin bango?"

Lawwali ya ce ba shi ba ne. Ya buɗe baki, ya zaro harshe, ya fara hawaye. Inna ta ce ai akuya ba ta da haƙoran sama, wannan cizon mutum ne, ta aika a ce wa Sallau ya nemo jakin da zai je Kurni ranar kasuwa.

Baiwa na tsaye da taɓarya. Ta dubi ƙofa, ta dubi ƙasa. Sannan ta jingine taɓaryar, ta zo ta durƙusa gaban surukarta, ta ja zane ta rufe rabin fuska.

"Inna, a gwada haƙoran. Sun fi nasa girma."

"Na wa ne, to?"

Baiwa ta ƙara jan zanen. Inna Tata ta dubi tubalin, ta dubi Baiwa tun daga fuska har ƙugu, ta daɗe a ƙugun. Sai ta saki wata dariya da ta sa kaji watsewa. Ta ce ashe baƙo ne ke tafe, shi ya aiko a ɗanɗana masa ƙasar gidan. Ta ce to yanzu wa za a ɗora kan jakin, uwar ko ɗan? Ta leƙa ta ce wa Sallau ya bar jaki ya huta, maigidanta ba inda za shi, ta kuma sa Balki ta roƙo tsamiya wurin uwarta a dama wa mai kwaɗayi kunu.

Lawwali kam bai ga abin dariya ba. Ya share hawaye, ya karɓi tubalinsa, ya zo ya tsaya gaban uwarsa.

"Baiwa, akwai kashin jaki a ciki. Ni na sa."

Ita da ta zaci na yara zallar ƙasa ce, sai ta miƙe ta nufi randa da sauri. Tana kurkure baki ya biyo ta, ya ce wanda ya ɓata shi ke biya, haka Balki ta ce. Babu yadda ta iya. Ta zauna bayan rumbu cikin yara, ta ɗebi ƙasa ta cura. Ya karɓa, ya latsa da ɗan yatsa, ya girgiza kai, ya ce ruwa ya yi yawa, ta sake.