Rawaya a ƙafar Faiz Bakhsh

Faiz Bakhsh tela ne a unguwarmu a Multan, kuma da ƙafar dama yake taka keken ɗinkinsa. Ciwon suga ya buɗe masa gyambo a tafin wannan ƙafa tun kafin azumi. Likita ya gaya masa kai tsaye: in ƙwayar cuta ta kai ƙashi, za a yanke.

A asibiti suka manna masa wani sabon abin rufe ciwo, mai laushi da danshi kamar daskararren kunu, garai-garai har ana hango gyambon ta cikinsa. Nas Rubina ta yi masa bayani. Muddin bai sauya launi ba, kada a taɓa shi. Ranar da ya koma rawaya, ciwo ya fara ruɓa, a taho asibiti ko ba takalmi.

Ranar Laraba da hantsi ya tashi daga ɗan kishingiɗa, ya tarar da abin rufe ciwon rawaya fatau.

Yayarsa Naziran, wadda ta raine shi kuma take riƙe da gidansa tun rasuwar matarsa, ita ta tare musu adaidaita.  A hanya ƙafar kawai yake kallo.

Rubina ta ɗora ƙafar a kan benci, ta duba, ta sunkuya ta shaƙa.

"Baba, ciwonka ƙamshin miya yake."

"'Yata, ba lokacin wasa ba ne."

"Wa ya sa maka kurkum da man girki na mastad?"

Faiz Bakhsh ya juya ga yayarsa. Ita kuwa ta gyara mayafi.

"A gefe kawai na shafa, yana barci," in ji Naziran. "Wata nawa ana manna masa wannan ledar, ko ɗigon magani ban ga an sa ba. Da kurkum na warkar da kaciyarsa."

"Yaya! A gaban mutane?"

"Wane mutane? Sa'ar jikarka ce."

Man ya bi ta ƙarƙashin gefen ya rina komai, don haka launin ba zai ƙara nuna wani abu ba. Rubina ta kira likita, ta ɓare abin a hankali, ta wanke wurin. Likita ya danna kewaye, ya auna faɗi da zurfi, ya sa aka ɗebi ruwan ciwon don gwaji. Naman ja ne, ba wari, ba mugunya. Gyambon da a da ya kai faɗin murfin kwalba ya koma kamar ƙwayar wake.

"Ba abin yankewa a nan," ya ce. "In gwaji ya fito lafiya, mu ci gaba yadda muke."

"Kun gani ko?" in ji Naziran. "Shafawa ɗaya."

Rubina ta manna sabo, ta ce, "Inna, kurkum ɗinki a madara za ki riƙa zuba masa. Ba suga. Ƙafar kuwa tawa ce."

"Madara ba suga? Ai gara ki yanke ƙafar," in ji Faiz Bakhsh. A karon farko tun hantsi ya yi dariya.

Gwajin ya fito lafiya ranar Asabar. Likita bai yarda ya taka keke ba tukuna, sai ya koma shago yana yankan yadi a zaune, ƙafar a miƙe bisa matashi, inda yake ganinta.