Da Cincin Suka Je Bika

A unguwar Hajj Yusuf, gabas da Bahri, a shekarun da yaƙi bai riga ya watsa mutanen Khartoum ba, akwai wani ƙaramin gida mai bishiyar darbejiya a tsakarsa. Mutum uku ne a ciki. Akwai Fasto Ɗanjuma, mutumin ƙasar Malumfashi, wanda aka turo ya kula da 'yar ikilisiyar 'yan Najeriya masu neman abinci a birnin. Akwai matarsa Yelwa, mai ɗinki. Sai 'yarsu Godiya, 'yar shekara goma sha ɗaya, wadda ta fi iyayenta jin Larabci saboda makaranta.

Abinci da lafiya suna da su daidai gwargwado. Abin da suka rasa shi ne gidan maƙwabci da za su shiga. Kewaye da su Hausawa ne Musulmi, jikokin waɗanda suka yi noman auduga a Jazira. Mutanen kirki ne, masu gaisuwa da fara'a a bakin titi, amma ba wanda ya taɓa ce musu, "Ku shigo daga ciki."

Wannan rashi ya fi damun Fasto, domin yana karatun digirin digirgir a fannin hidimar ikilisiya, daga nesa, a wata kwalejin tauhidi da ke Jos. Irin wannan digiri ba ya samuwa da karatun littattafai kaɗai. Sai mutum ya ɗauko wata tambaya daga cikin aikinsa, ya shiga mutane ya saurare su, ya gwada wani abu, sannan ya rubuta abin da ya biyo baya. Tambayar Fasto ita ce yadda ƙaramar ikilisiya za ta zama maƙwabciyar kirki a unguwar Musulmi. Ya gama babobin farko na kundinsa. Saura babin da maƙwabtan za su yi magana da bakinsu, kuma malamin da ke duba aikinsa ya gaya masa ba ɓoye-ɓoye: idan zangon karatun nan ya ƙare babu wannan babi, za a rufe masa rajista.

Godiya takan ji shi da yamma a gindin darbejiya yana sauraron hirarrakin da ya ɗauka a waya. Duk muryoyin abu ɗaya suke faɗa. "Lafiya lau, ya Gasis, ba mu da matsala da kowa." Gasis shi ne Fasto a bakin mutanen wurin. Sai ya kashe wayar, ya cire tabarau, ya daɗe yana murza ido.

Wata rana ya shigo gida yana dariya. Ya ce Halliru mai raksha, wato Keke Napep, maƙwabcinsu na ƙarshen layi, ya tsayar da shi a bakin titi, injin na ƙara, ya ce gobe suna da biki a Omdurman, gidan gwaggonsa Hajja Su'ad, duk mutanen layi za su je, in yana da hali ya zo da iyali.

"Me ka ce masa?" in ji Yelwa.

"Na ce madalla, Allah ya sanya alheri, ya maimaita mana. Ya ɗan kalle ni dai, ya ja rakshansa."

"Baba, aure ne ko suna?" Godiya ta tambaya.

"Bai faɗa ba. In mun je ma gani."

Yelwa ta ɗora kasko ta soya cincin har ya cika babbar roba. Ta fito da leshinta ruwan lemo, wanda ba ta sa ba tun da suka baro gida, ta goge wa Fasto babbar rigarsa mai aiki. Da safe suka hau bas zuwa Bahri, suka canja wata, suka haye gadar Shambat. Godiya na rungume da robar cincin, tana kallon kogin Nilu ta taga, tana tunanin ko za a bar ta ta ga amarya.

Da suka shiga layin da aka kwatanta musu, ga rumfa an kafa ta tare titi. Godiya ta kasa kunne ba ta ji kiɗa ba. Maza ne cikin fararen jallabiyoyi zaune a kujeru, magana ƙasa-ƙasa. Duk wanda ya iso sai ya tsaya gaban wasu samari, su ɗaga hannu tare, su shafa. Can daga cikin gida wata mace ta saki kuka mai tsawo. Nan take Godiya ta tuna ranar da ƙawarta Mawahib ba ta zo aji ba, da kalmar da malama ta faɗa.

Ta ja hannun uwarta. "Mama, bika ne. Mutuwa aka yi."

"Wace irin mutuwa kuma a gidan biki?"

"Bika, Mama. Da Larabci kuka ne. Haka suke kiran zaman makoki."

Yelwa ta dubi leshinta, ta dubi mijinta. "Ɗanjuma, ka kashe ni. Har cewa ka yi Allah ya maimaita! Mu juya tun ba a gan mu ba."

Amma an riga an gan su. Halliru ya taso daga rumfar, ya tsaya ya riƙe baki. Gumi na tsiyaya daga hular Fasto. Ya share shi, ya ce, "Mun riga mun zo. In muka juya yanzu, laifin ya zama biyu. Ku shiga wurin mata, ki faɗi gaskiyar abin da ya faru."

Tsakar gidan cike take da mata cikin farin tob, mayafin nan nasu mai tsawo. Da leshin ya shigo, magana ta ɗauke. Wata budurwa ta cusa fuska cikin mayafinta, kafaɗunta na rawa. A kan tabarma a ƙasa, wata tsohuwa ce zaune, idanunta jawur. Ita ce Hajja Su'ad, mijinta ne ya rasu.

Yelwa ta durƙusa gabanta. "Hajja, ki yafe mana. Mu baƙi ne. Biki muka ji, ba mu san rasuwa ba ce."

Tsohuwar ta dube ta tun daga ɗaurin kai har zuwa takalmi. "Ke matar Gasis ce? Me ke cikin robar nan?"

"Cincin ne, Hajja."

Sai bakin tsohuwar ya motsa, dariya ta ƙwace mata, hawaye na zuba. "Kun ji ikon Allah. Mutumin nan kullum cewa yake ran da ya mutu ba wadda za ta yi masa ko kwalli. Ga shi an zo masa da leshi daga Najeriya! Ikhlas, daina wannan shashancin, ki ba ta tob. Cincin kuma a kai wa maza su sha shayi da shi."

Budurwar mai dariya ta kawo farin tob ta naɗa wa Yelwa. Yelwa ta cire 'yan kunne, ta duba ta ga kofunan shayi sun taru a bayan madafa, ba ta tambayi kowa ba ta tsuguna ta fara wankewa. Aka ɗora wa Godiya tire ta riƙa kaiwa bakin rumfa.

A can ta ga babanta tsaye gaban 'ya'yan mamacin kamar an kafa shi. Sun ɗaga hannu don Fatiha, shi kuwa ya rasa inda zai sa nasa. Wani dattijo, Malam Tahir, limamin layin su Fasto, ya kama hannun babbar rigarsa.

"Kai ba ka Fatiha, mun sani, kuma ba wanda ya ce ka yi. Dafa kafaɗarsa, ka ce albarka fikum, ka nemi kujera. Zaman shi ne ta'aziyyar."

Fasto ya yi yadda aka ce. Wayarsa na aljihu, bai fito da ita ba, bai yi wa kowa tambaya ba. Washegari suka koma cikin tufafin da ya dace, suka ci gaba da komawa har aka kwance rumfar.

Daga nan magana ta fara zuwa da ƙafarta. Halliru kan kashe raksha ya zauna gindin darbejiya ya yi ta labarin yadda kakansa ya taso daga Haɗeja a ƙasa da niyyar aikin Hajji. Malam Tahir ya gaya wa Fasto abin da ba wanda ya faɗa masa a waya: cewa a wurinsu, wanda bai taɓa zaman bikanka ba baƙo ne, ko da katanga ɗaya ta raba ku. Ya kuma faɗa masa tsoronsu, cewa tambayoyinsa hanya ce ta janye musu yara. Fasto ya nemi izini ya rubuta, aka ba shi.

Ya koya wa ikilisiyarsa abin da aka koya masa. Zumuntar mata ta riƙa zuwa wankin kofuna duk gidan da aka yi rashi, maza na ɗaukar kujeru da ruwa. Ba kowa ya ji daɗi ba. Wani dattijon ikilisiya ya ce masa a gaban jama'a, "Fasto, wa'azi aka turo ka yi ko jeran kujeru?" Amma da wani mai walda ɗan ikilisiyar ya rasu a unguwar Shajara, ba dangi ko ɗaya a ƙasar, Halliru da samarin layi ne suka zo suka kafa rumfa a ƙofar majami'a. Dattijon nan mai ƙorafi da kansa ya riƙa miƙa musu shayi. Babin ya tafi Jos kafin zangon ya ƙare.

Ranar kare kundin, Fasto ya sa kwamfuta a kan teburin ɗinkin Yelwa, malamai uku na kallonsa daga Jos. Tun da hantsi aka fara sallama. Hajja Su'ad ce, ta fita takaba, ta hawo bas tun daga Omdurman tare da Ikhlas. Sai Malam Tahir, sai Halliru, sai matan zumunta. Suka shimfiɗa tabarmi a tsakar gida suka zauna, ba mai ɗaga murya.

"Mun ji yau ranar nauyi ce a gidan nan," in ji Hajja Su'ad. "Ke Godiya, ɗora shayi."

Godiya ta ɗora, ta dawo ta laɓe jikin taga. Ta ji wani farfesa mai kakkausar murya yana cewa, "Ka zauna shiru a rumfar da ake addu'ar da ba taka ba. Ina shaidar bangaskiyarka a nan?"

Sai ta ji babanta ya amsa. Ya ce ba wanda ke rumfar da bai san shi Fasto ba ne, bai ɓoye ba, bai kuma ɗaga hannu ya yi ƙarya ba. Ya ce Ubangijin da yake bi ya fara zama cikin mutane ne kafin ya yi musu magana, shi kuwa ya shekara yana magana bai zauna da kowa ba. Aka yi ta jansa da tambayoyi har shayin ya huce. Daga baya aka ce ya jira. Godiya ta ƙara manna kunne jikin taga.

Da muryar ta dawo, farfesan nan ne ya ce, "Akwai 'yan gyare-gyare a babi na biyu. Ban da wannan, muna taya ka murna, Dakta Ɗanjuma."

Godiya ba ta san lokacin da ta yi ihu ba. Ikhlas ta rangaɗa guɗa, matan zumunta suka ɗauki waƙar yabo, Yelwa ta zauna daɓas a ƙasa tana kuka tana dariya. Fasto ya fito, tabarau a hannu, Malam Tahir ya rungume shi yana bubbuga masa baya.

"Yauwa, Dakta," in ji Halliru, yana naɗe ƙafar wando, "dama gwiwar nan tawa ta daɗe tana damuna."

"Ba irin wannan ba ne, Halliru."

"To wane iri ne? Duk wahalar nan ko allura ba ka iya ba?"

Aka kwashe da dariya. Godiya na tsaye da tire, tana kallon tsakar gidansu da ta cika har babu wurin sa ƙafa. A ranar ta gane cewa abin da babanta ya yi ta karantawa shi ne yadda ake zama kusa da mutum a ranar nauyinsa, kuma mutanen da ke kan tabarmin nan su ne suka koya masa.