Makin Hajiya Zuwaira

Ranar Asabar da hantsi Radiya ta sauka daga keke napep a Ƙofar Doka, ta ƙarasa gidan gwaggonta da ƙafa, rataye da jaka cike da takardu. Digiri na biyu take yi a fannin halayyar ɗan Adam, kuma aikin da malaminta ya ba ta shi ne ta shirya takardar tambayoyi da Hausa, wadda da ita za a riƙa auna yadda manyan mutane suke tausaya wa kansu idan sun yi kuskure. Kafin a amince da takardar, sai an gwada ta a kan mutum talatin. Radiya ta san in akwai mai iya tara mata mutum talatin a cikin birni, to Hajiya Zuwaira ce, ƙanwar mahaifinta, wadda ta yi shekara ashirin da biyu tana shugabar makarantar firamare kafin ta yi ritaya. Rabin matan unguwar ta hannunta suka bi.

A zaure ta tarar da mijin gwaggon, Malam Ja'afaru, da babbar riga shimfiɗe a cinyarsa yana yi mata aikin hannu. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta shige ciki.

Hajiya Zuwaira ta saurari bayanin har ƙarshe, sannan ta ce, "Ba zan kai wa mutane abin da ban gani ba. Ba ni ɗaya."

Ta saka tabarau, ta lalubo jan biro daga cikin wani kwano. Kafin ta amsa tambaya ko ɗaya sai da ta gyara kalma huɗu. "Wannan harafin ina lanƙwasarsa? Haka ake koya muku a jami'ar?"

"Injin ɗab'i ne, Gwaggo."

"Kowa ya yi kuskure sai ya ce inji."

Tambaya ashirin ce, kowacce mutum zai zaɓi lamba daga ɗaya, wato sam, zuwa biyar, wato kullum. Ta farko ta ce: Idan na yi kuskure nakan daɗe ina yi wa kaina faɗa. Hajiya ta zagaye biyar ba tare da ta tsaya ba. Ta zo kan wadda ta ce: Idan raina ya ɓaci nakan lallashi kaina kamar yadda zan lallashi aminiyata. Ta ɗago kai ta dubi Radiya ta saman tabarau.

"Lallashi? Ni jaririya ce?"

Ta zagaye ɗaya. Da ta gama ta miƙa takardar, ta ce a faɗa mata makinta.

Radiya ta ce ai ba jarrabawa ba ce, babu ci babu faɗuwa. Hajiya ta ce duk abin da aka sa wa lamba jarrabawa ne. Dole Radiya ta fito da waya ta haɗa, ta ce ya kama biyu cikin biyar.

"Arba'in cikin ɗari ke nan," in ji Hajiya. "A makarantata wannan maimaita aji ne." Ta cire tabarau ta ajiye. "Kin gani ko? Ko tausayin kan ma ban iya ba. Mace da shekara sittin da huɗu."

Radiya ta danne dariya. Hajiya ta ce a je a gwada Malam, don ta ga ko takardar ce ke da matsala.

Malam Ja'afaru ya fi sabawa da ajami, saboda haka Radiya ce ta riƙa karanta masa, yana amsawa bai daina soka allura ba. Hajiya na tsaye a bakin ƙofar tsakar gida tana saurare. Da aka haɗa, ya sami huɗu da rabi.

"Shi?" in ji Hajiya. "Mutumin da ya taɓa ɗinka aikin riga gaba ɗaya a bai-bai?"

Malam ya yi murmushi. Ya ce wa Radiya gaskiya ne, rigar wani ɗan kasuwa ce daga Gyallesu, mako uku yana aikinta, sai ranar da zai ninke ya lura a cikin rigar ya yi aikin, ba a waje ba.

"Sai ka yi yaya, Baba?"

"Sai na ci tuwona, na yi la'asar, na fara warwarewa. Zaren bai san ina fushi ba."

"Ya ci har da ƙari," in ji Hajiya. "Ni kuwa da nake kallonsa na kasa haɗiye lomar."

"Ita ai har yau ba ta gama da maganar Batulu ba," in ji Malam.

Hajiya ta juya ta koma ciki. Radiya ta bi ta, ta same ta tana tsince shinkafar da ta riga ta tsince. Ba a jima ba labarin ya fito. Shekara talatin da biyar da suka wuce, tana malamar aji shida, ta yi kuskure wajen haɗa makin ƙarshen shekara. Wata yarinya Batulu ce ta zo ta ɗaya, amma aka kira ta ta biyu a gaban iyaye, aka ba wani yaro kyautar. Hajiya ba ta gano ba sai bayan hutu, lokacin an riga an watse. Ba ta faɗa wa kowa ba sai Malam. Batulu yanzu tana aure lungu biyu daga nan, tana sana'ar ɗinkin hula, kuma tun da ta tare a can Hajiya ba ta ƙara bin wannan lungun ba. In za ta kasuwa sai ta zagaya.

Radiya ta ce, "Gwaggo, da a ce wata malama ce a ƙarƙashinki ta yi wannan, me za ki ce mata?"

"Zan ce mata ɗan Adam ajizi ne, ta je ta ba yarinyar haƙuri, magana ta wuce."

Hajiya ta ji abin da ta faɗa da bakinta. Ta ture farantin shinkafar gefe, ta ce, "Kada ki yi mini wayon 'yan jami'a." Amma ta tashi ta ɗauko mayafi. "Kawo takarda ɗaya. Ai kin ce mutum talatin kike nema."

Suka sami Batulu a tsakar gida, mace mai jiki da fara'a, tana aikin zare a kan wata hula. Da ta ga tsohuwar malamarta ta miƙe da sauri, ta shimfiɗa darduma, ta kawo ruwa, tana ta faɗin yau wace rana. Hajiya ba ta taɓa ruwan ba. Ta zauna a miƙe kamar mai karanta sanarwa a taron iyaye, ta faɗi abin da ya faru tun daga farko, har da yawan makin da ta tsallake, guda bakwai. Ta ce ta zo neman gafara.

Batulu ta yi ɗan tunani. "Hajiya, shekarar da aka ba Mustapha littafin ƙamus?"

"Ita."

"Ni kuma aka ba ni kwanon sha mai murfi, mai furanni?" Ta fashe da dariya har tana dafa ƙirji. "Wallahi ranar har tausayin Mustapha na ji. Me zan yi da ƙamus? Kwanon nan da shi aka kai ni ɗaki. Ashe ni ce ta ɗaya. Bari maigidan ya dawo, yau zai ji."

"Ba ki ji haushi ba?"

"Haushin me, Hajiya? Ke kika koya mini karatu. Na yafe duniya da lahira, in ma akwai abin yafewa."

Sai a lokacin Hajiya ta ɗauki ruwan ta sha. Batulu ta karɓi takardar ta cike, tana tambayar Radiya ma'anar wata jimla da ta ce ta yi tsawo. Radiya ta rubuta wannan a littafinta don ta gyara.

Ranar Laraba mata talatin da shida suka cika tsakar gidan Hajiya, wasu da goyo. Ita ce ta tsaya a gaba ta yi musu bayani, ta ce kowa ta faɗi gaskiya, babu mai cinyewa babu mai faɗuwa, kuma kada wadda ta leƙa ta maƙwabciyarta. A nan Radiya ta gano abin da ba ta yi zato ba: mata da yawa suna jin nauyin zagaye biyar a kan duk jimlar da ke nuna suna kyautata wa kansu, don gani suke kamar yabon kai ne. Ta sake tsara jimla shida saboda haka, malaminta kuma ya ce wannan binciken ya isa babi guda a kundin digirinta.

Bayan mako uku ƙa'idar aikin ta ce a sake ba mutanen takardar, don a ga ko amsoshin suna tsayawa wuri ɗaya. Na Malam Ja'afaru bai motsa ba. Na Hajiya Zuwaira ya hau zuwa biyu da rabi. Radiya ta faɗa mata tana jiran faɗa, amma Hajiya ta ce rabi ma ci gaba ne, sannan ta aike ta kicin ta duba ko wake ya nuna.