Filas a Bakin Ƙofa

Ranar da aka ce wa Ungozoma an mayar da ita babban asibiti a wani gari mai nisa, har rawa ta taka a ɗakin haihuwa, mai naƙuda na kwance tana harararta. Murnar ta raka ta har gida, amma ba ta wuce ƙofar ɗakin mahaifiyarta ba. Inna ta saurari labarin tana tsefe wa jikarta kai, ta sa albarka, sannan ta ce, "Ke dai ki tafi. Takwara tana nan."

Takwara ita ce 'yar Ungozoma tilo, yarinya 'yar shekara shida da aka sa wa sunan Inna, kuma tun rasuwar uban yarinyar su ukun ke zaune gida ɗaya. Ungozoma ta yi roƙo, ta yi shagwaɓa irin ta ƙuruciya, ta ce ita ba za ta iya cin abinci ba in 'yarta na wata duniya. Daga ƙarshe Inna ta sassauto, ta ce za ta ba da yarinya in an samo unguwar da ita kanta ta yarda da ita.

"Akwai dillalai, Inna."

"Dillali? Ko a bakin kura ya samo miki ɗaki, cewa zai yi akwai iska. Unguwa ba a tambayarta, gwada ta ake yi."

Gwajin Inna kuwa mai sauƙi ne. A ajiye abu mai kyau a ƙofar gidan da ake son kamawa, a koma gefe a zuba ido. In abin ya wuni a wurin, mutanen kirki ne. Ta buɗe akwatinta ta fito da lema sabuwa, da ƙaramar rediyo, da wani jan filas na shayi da ba a taɓa zuba masa ko ruwa ba. Ta haɗa Ungozoma da yayanta, babban ɗan Inna, mai gyaran firji, saboda shi ke da mota.

Shi Yaya tun yana yaro yake ganin asara aka yi da bai zama ɗan sandan ciki ba. Da ya ji aikin da ke gabansu sai ya sayo baƙin tabarau da hular da ke rufe rabin fuska. Tafiyar wuni guda suka yi, Ungozoma na waƙa a gaban mota tana lissafa launin labulen da za ta sa wa ɗakin Takwara, shi kuma yana koya mata yadda ake gane ɓarawo daga tafiyarsa.

Washegari dillali ya kai su unguwa ta farko, yana rantsuwa ko allura ka yar a nan sai an biyo ka da ita. Suka sallame shi, Ungozoma ta jingine lema a ƙofar gidan, ta koma mota. Yaya ya sunkuya ya goge tabarau da bakin riga, ya ɗago, babu lema. Suka dubi juna suka fashe da dariya har Ungozoma na dukan kujera. Da ta buga wa Inna waya, muryar tsohuwar fes take. "Ai na faɗa. Ku dawo gida kawai, Takwara ma ga ta nan tana wasa."

Unguwa ta biyu ta masu hali ce, katangu dogaye, kowace da waya mai ƙaya a samanta. Rediyo ta wuni a ƙofa ba wanda ya taɓa ta, don ba wanda ya wuce, in ban da wata mage. Ungozoma ta kira Inna ta hoton waya tana tsalle, ta zagaya mata da titin. Inna ta kawo ido kusa da gilashi ta ce, "Wannan ai maƙabarta ce. In yarinya ta faɗi ta yi ihu, wa zai ji? Magen?"

"Amma Inna, rediyon na nan."

"Unguwar ba ta ci gwajin ba."

Wannan karon Ungozoma ba ta yi dariya sosai ba. Tsoro ya ɗan taɓa ta, don hutun da aka ba ta ya kusa ƙarewa, kuma filas kaɗai ya rage ba a gwada da shi ba.

Gida na uku yana wani layi ne marar kwalta, mai bishiyoyi biyu da famfo a tsakiya. Ɗaki biyu da falo, taga na kallon titi, makarantar yara a bayan layin. Ungozoma na shiga ta ji gidan ya kwanta mata, har ta tsaya tana auna bango da hannu inda gadon Takwara zai zauna. A waje akwai mai walda yana ta tartsatsi, da mai kanti, da wata mata mai ƙiba a bakin taga tana taka keken ɗinki. Yara na ta guje-guje da tayar mota.

Ungozoma ta ajiye jan filas a kan dakalin gidan, ta yi masa addu'a kamar mai sallamar ɗa. Yaya ya ja mota ƙarƙashin bishiya, ya ɗaga gilasai, ya sa tabarau, ya ja hula, ya zame cikin kujera har sai hancinsa kaɗai ake gani. Ya ce ita ma ta rufe fuska da mayafi, haka ƙwararru ke yi.

Filas dai na zaune yana sheƙi a rana. Mutane na wucewa, su dube shi, su dubi motar, su wuce. Ungozoma na ta mintsinin hannun Yaya tana raɗa, "Ka gani? Ko taɓawa ba su yi." Can sai ta lura yaran sun ragu. Wata uwa ta fito ta ja nata biyu ciki. Ƙarar keken ɗinki ta tsaya. Mai walda ya kashe injinsa, ya jawo wata doguwar ƙofar ƙarfe da yake haɗawa, ya shimfiɗe ta a bakin layi kamar wurin aiki ne ya yi masa kaɗan. A ɗaya bakin kuma mai kanti ya turo baro cike da buhuna ya tsayar.

"Yaya, kamar an rufe hanya."

"Dabara ce ta ɓarayi," in ji shi. "Yanzu za su ɗauki filas. Zuba ido."

Ba su ɗauki filas ba. Aka ƙwanƙwasa gilashin motar, Yaya ya juya ya ga mai ɗinkin nan tsaye da almakashi a hannu, bayanta mata da maza sun kewaye motar, wani da muciya, wani da tiyo. Tabarau ya zame masa zuwa haɓa.

"Malam, sauke gilashi," in ji Mai ɗinki, ba tare da ta ɗaga murya ba. "Tun hantsi kuke nan kuna kallon yaranmu. 'Ya'yan wa kuka zo ɗauka? Kuma mene ne a cikin jan abin can?"

Yaya ya fara in'ina yana neman katin sana'arsa. Ita kuwa Ungozoma sai ta yaye mayafi, ta dubi fuskokin nan da suka murtuke, ta dubi ƙofar ƙarfen da ta tare hanya, wani daɗi ya taso mata tun daga ƙafa. Ta ɓalle ƙofa ta fito tana dariya har da hawaye, ta rungume Mai ɗinki da almakashinta. "Allah ya yi muku albarka. Don Allah ku ƙara matsowa, ku riƙe shi da kyau, bari in kira Inna."

Mutane suka dubi juna, aka fara tunanin ko ba ɓarayi ba ne, masu taɓin hankali ne. Kafin ta gama bayani tana haki, mai walda ya zauna a ƙasa don dariya, wata ta buɗe filas ta leƙa ta ce ko shayin ma babu, rowa har a tarko. Inna ta bayyana a waya, Ungozoma ta zagaya mata da taron, da Yaya da aka ƙwace wa hula.

"Filas ɗin na nan?" in ji Inna.

Mai ɗinki ta karɓi wayar. "Yana nan, Mama. Mu ba filas ne ya dame mu ba. Tun da suka shigo layin nan muke ganinsu. Ɗanki ya ci gyaɗa ya zubar da ɓawo ta taga, ya yi gyangyaɗi, ya farka ya yi kamar bai yi ba. Nan baƙo ba ya tsayawa kusa da yaro ba a san dalilinsa ba. Wanda uwarsa ke wurin aiki, a ɗakina yake cin abincin rana."

Aka sake kwashewa da dariya, Ungozoma ta fi kowa. Ta leƙa wayar tana jiran ta ji sabon aibin da Inna za ta ƙirƙiro, ta ma shirya amsa. Inna kuwa ta daɗe tana kallon Mai ɗinki, sannan ta gyara ɗaurin kallabinta.

"Baiwar Allah," ta ce, "yarinyar ba ta son a tashe ta da ƙarfi, sai an shafa bayanta. In ta ce cikinta na ciwo ranar makaranta, ƙarya take, amma kada a ce mata ƙarya take. Sanyi na sa ta tari. Kuma in ta yi shiru, to yunwa ce, ba ta iya roƙo ba."

"Na ji, Mama," in ji Mai ɗinki, ta sauke almakashin.

Ungozoma ta daina dariya. Sai yanzu ta gane Inna ba unguwa ta aike su nema ba, fata take kada a samu, ga shi an samu, kuma tsohuwar ba za ta yi musun gaskiya ba. Murnarta na nan ba ta tafi ba, amma tausayin uwarta ya hau kanta ya danne. Ta karɓi wayar da hannu biyu.

"Inna, ɗaki biyu ne. Ki zo mu zauna."

"In bar wa wa gidan ubanku? Kama gidanki, ya yi." Inna ta juya ta dubi wani wuri a bayanta, inda ake jin muryar Takwara tana rera waƙa, ta rage murya. "Ki ce wa yayanki ranar tafiyar ya zo ɗaukarta da sassafe. In na ce zan raka su bakin mota, ya hana ni."