Babban Yatsan Likita

Jaririyar bakwaini ce, kuma tun safe fatar tsakanin haƙarƙarinta ke lotsawa duk lokacin da ta ja numfashi. Likita na son sanin ko ta fara gajiya. In ta gaji, sai injin numfashi, da bututu har maƙogwaro.

An riga an zura mata siririyar roba ta hanci, ta sauka hanyar abinci zuwa tsakiyar ƙirji. Robar ce ke jin ƙarfin kowane ja, ta zana shi a allon na'ura.

"Baban jaririya, saura abu ɗaya," in ji likita. "Zan kifa mata wannan murfin a fuska, in toshe raminsa da yatsa. Za ta ja, babu iska. In layukan nan biyu na allon suka sauka tare, robar ta zauna daidai."

"Ki toshe mata numfashi? Da gangan?"

"Na ɗan lokaci. In ban yi ba, ba zan yarda da allon ba."

Gwaggonsa ta leƙo daga bakin ƙofa, rungume da kwandon kayan maijego. "Ikon Allah. Mun zo a ƙara mata iska, ku kuna rage 'yar wadda take da ita."

"Gwaggo, iyakarki nan," in ji nas. "Da takalmin waje ko minista ba ya shiga."

Likita ta miƙa wa uban wuyan hannunta.

"Riƙe. In ka kasa jurewa, ja."

Yatsanta na sauka ya fizge. Murfin ya goce, jaririyar ta farka da kuka siriri, layukan suka hargitse.

"Sai ta sake barci," in ji likita. "Kukan nan ƙarfinta yake ci."

Suka jira a tsaye. Nas na shafa mata tafin ƙafa har ta lafa.

Wannan karon uban ya cusa hannayensa a hammata.

Likita ta toshe. Ƙirjin ya lotsa. Ya sake lotsawa, ya fi na farko zurfi. Layukan suka sauka tare. Ta ɗaga yatsa, iska ta shiga da ɗan fito.

Ta daɗe tana kallon allon.

"Tana ja fiye da ƙarfinta. Ba za ta jure haka ba. Sista, turo injin."

"Likita," in ji uban. "Da ban ja hannunki ba fa?"

"Da tun ɗazu tana kan injin. Matsa, ka tare hanya."