Bursin Abdurazak

Balkisu na cikin auna wa wata Bazabarmiya shinkafar Garou sai wayarta ta yi ƙara. Da ta ga sunan Abdurazak, ta saki tiya cikin buhu, ta juya wa kasuwa baya, ta toshe kunne ɗaya.

Autanta ne. Yana karatun aikin jinya a Kwatano, wata ƙungiya ke biya masa kuɗin makaranta da ɗaki da abinci, abin da yara ke kira bursi. Tun da ya tafi sau ɗaya ya zo gida, rasuwar babansa, shi ma ko addu'ar bakwai bai tsaya ba jarrabawa ta mayar da shi. Daga nan ta hana shi sakat ya nemi canji zuwa Parakou, inda mutum zai taso da safe ya yi la'asar a gida Malanville.

"Inna, Parakou sun karɓe ni."

"Alhamdu lillahi! Yaushe za ka taho?"

"Tsaya ki ji. Bursin ba ya bi na. Na tahi wurin 'yan ƙungiyar yau, sun ce da makarantarmu suka yi yarjejeniya, ba da ni ba. Ranar da na bar ta, ranar ya tsaya. Can kuma sai na maimaita aji."

Balkisu ta zauna kan buhu.

"Amma in kin ce in taho, zan taho," in ji shi. "Sai in riƙa yin kabu-kabu da marece, in biya wa kaina."

Ta ce masa masu saye sun taru, za ta kira shi. Babu kowa gabanta sai Bazabarmiyar, ita ma ta gaji ta wuce.

Mariama, mai albasar da ke ƙetaro gada daga Gaya kowace safiya, ta ji komai daga rumfarta.

"Yaya Balkisu, ki ce shi taho mana. Mi kike jira? Ke kaɗai cikin gida kamar mayya, ko mai miƙo miki ruwa babu."

Balkisu ta ciro tiyarta daga cikin buhu. Ta riga ta sa an shafe ɗakinsa da farar ƙasa, ta ɗaura sabon gidan sauro. Wani lokaci in ta dafa miyar kifi sai ta tarar ta zuba kwano biyu. Amma ta san 'yan kabu-kabun da ke jiran fasinja bakin duwan, wato ofishin kwastan, da yawansu da niyyar wata biyu suka hau babur. Ta kuma tuna ranar da ya kira ta yana haki, wai an bar shi ya sa wa jariri ruwa a jijiya, kuma bai kuskure ba. Ba ta taɓa jin muryarsa haka ba.

Bayan azahar ta rufe buhunanta, ta ce wa Mariama ta sa mata ido, ta nufi tasha. Haliru ɗan kamasho ya taso da fara'a.

"Inna Balkisu, saƙon ɗan makaranta ne?"

"A'a. Kujera nake so, ta gobe. Wadda mai ciwon gwiwa za ta iya miƙe ƙafa."

Haliru ya dube ta. Duk tashar an san ba ta taɓa wuce Kandi ba.

Ta koma inuwar wata mota ta kira ɗanta.

"Abdurazak, zamna inda kake, ka ƙare karatunka."

 Tana jin ƙarar baburan wani gari a bayansa.

"To, Inna," ya ce a hankali.

"Ɗakin nan naka," ta ce, "akwai inda tsohuwa za ta shimfiɗa tabarma?"