Tsintsiya a Bayan Keke

Tun daga gadar kogin Zwalm na daina ganin bayan kowa. Mahayin da ke gabana ya sha kwana wajen tsohon gidan niƙa, bishiyoyi suka haɗiye shi. Ya rage daga ni sai yayyafi, sai kukan injin motar Baba a bayana.

Baba Firmin ne ke tuƙa motar tsintsiya a zagayen kaka na ƙungiyar keken garinmu Wijlebeke tun ban san kaina ba. Tsohuwar farar bas ce, da tsintsiyar shara a ɗaure kan rufinta. Aikinta bin mahayin ƙarshe. Duk wanda ƙafarsa ta ƙare sai ya ɗaga hannu, Baba ya tsaya, ya cire masa lambar da ke bayan rigarsa, ya jefa keken a baya. Sabon shiga ba ya samun rigar ƙungiya sai ya koma gari a kan kekensa da lambarsa a jikinsa. Ni kuwa na riga na faɗa a mashayar dandali, gaban kowa, cewa zan koma da tawa. Na dawo daga karatu a birnin Gent ke nan, Kawu Odiel ya ce keken birni daban, tudun ƙauye daban. Na ce masa mu haɗu ranar Lahadi.

Mun kuwa haɗu. Tun kafin azahar ya ɗaga hannu, wai gwiwarsa. Yanzu yana zaune a kujerar gaba da bargo a kafaɗa, ya sauke gilashi don kada in rasa abokin hira.

"Farfesa! Kai, Farfesa Lieselot! Akwai wuri a nan, har da kofi mai zafi."

Ban waiwaya ba.

"Firmin, 'yar nan taka tafiya take ko tsayuwa? Wallahi wata saniya ta wuce mu ɗazu."

Sauran da ke cikin motar suka yi dariya, irin ta mutanen da sanyi ya fara shiga ƙashinsu. Baba ya ci gaba da tuƙinsa. Ba ya magana da mahayi in yana bakin aiki, ko da shi ya koya masa taka feda.

Hanyar ta fita daga kwari ta fara hawa. Tuddanmu ba su da tsayi, yawa ne da su. Ka hau wannan, ka gangara ka tsallake rafi, wani ya tare ka, gonar masara ce a dama, shanu a hagu suna kallonka suna tauna. Gangarar ba ta isa a huta a kanta. Ruwa ya cika min takalma tun safe. Wuyana ya sandare, tafin hannuna ya mutu a kan ƙarfen keke, inda kuma aka shimfiɗa hanya da duwatsu sai in ji haƙorana suna karo da juna. Na ci kek ɗin shinkafa na ƙarshe da ke aljihuna, ya jiƙe, ya zama kamar kunu.

Gajiyar ba ta dame ni kamar mararraba ba. A kowace mararraba akwai tsoho ko tsohuwa da jar tuta, suna tare motoci da taraktoci. Ba sa barin wurin sai sun ga tsintsiya ta wuce da idonsu. An taɓa gwada sallamar su ta waya wata shekara, wani ya tafi gida da wuri, tarakta ta kusa hallaka mahayi biyu. Tun daga nan ko limamin coci ne ya kira su ba sa motsi. Tsintsiya kuwa ba ta wuce mahayin da tayarsa ke juyawa. Ma'ana duk tsofaffin garinmu suna tsaye cikin ruwa saboda ni, sun kuma sani.

A mararrabar gonar tuffa, tsohon mai gyaran famfo, Marcel, ya cire hularsa ya rusuna.

"Ranki ya daɗe, a sauka lafiya. Matata ta ɗumama miya har ta gaji ta zuba wa kare."

"Ka gaida kare," na ce.

Ita ce maganar farko da ta fito daga bakina tun gadar, kuma ta cinye min numfashin da nake tattali.

Muka gangara gefen kogin Schelde. Nan hanya ta miƙe, iska ta samu fili. Ruwan kogin launin toka, wani dogon jirgin ɗaukar yashi yana tafiya daidai da ni, matar da ke kansa tana kwashe shanya. Na sunkuyar da kai ina kallon kaca tana juyawa. Ban yi tunanin Kawu ba, ban yi tunanin riga ba. In na hango itace sai in ce zan kai wancan. In na kai sai in nemi wani. A bayana injin yana gurnani a giya ta ɗaya, wani lokaci in ji wani wari kamar na roba da ta sha wuta.

A kan tudun ɗan ƙaramin coci ne cinyata ta dama ta murɗe. Tsokar ta dunƙule kamar an sa pilaya. Na yi ƙoƙarin miƙewa a kan feda, ta hagu ma ta amsa. Da ƙyar na zare takalmi daga maƙalin da ke riƙe shi a feda kafin in faɗi. Na dafa ƙasa da ƙafa, na kifa goshi a kan keke.

Motar ta tsaya. Na ji an buɗe ƙofa, na ji takun Baba a kan jiƙaƙƙun duwatsu. Na juya bayana ga shingen gona don kada hannunsa ya kai ga lambar.

"Ban ɗaga hannu ba, Baba."

"Na gani."

"To kada ka taɓa ni."

"Wa ya ce ke na fito nema?"

Ya wuce ni bai ko kalle ni ba, ya ɗaga murfin injin. Hayaƙi ya taso, warin ya cika hanya. Ya daɗe yana kallo, hannu a ƙugu.

"Kuloci ya ƙone," ya ce.

Kawu Odiel ya leƙo. "Ai dole! Mota ce ko jaki? Tun azahar kake jan ta kamar mai rakiyar gawa."

"Baba, in don in huta kake wannan, ba na so."

Sai a lokacin ya dube ni. Fuskarsa ta faɗa, ruwa na bin gashin girarsa. "Motar da na fi shekarunki ina lallaɓa ta zan ƙona don ki huta? Shiga ki taka ki ji."

Ban shiga ba. Na san tarkon ƙofar nan, wanda ya shiga lambarsa ta tafi.

Mahayan da ke motar suka fito ɗaya bayan ɗaya, ƙattai da barguna, suka kewaye injin kowa na ba da shawara. Mai janwen da Baba ya kira ya ce yana can wajen garin Oudenaarde, sai ya gama wani aiki. Baba ya rufe waya ya dubi hanyar da ta rage. Akwai sauran mararraba a gaba, ta ƙarshe kuma Gwaggo Zulma ce a kanta, yayarsa, wadda aka yi wa aikin ƙugu da bazara.

"Wani ya ɗauki keke ya kai tsintsiyar," ya ce.

Kowa ya sami abin kallo a ƙasa. Jikinsu ya riga ya huce, wasu sun canja takalma, Kawu ya shafa gwiwa ya yi tsaki.

"Ba ni," na ce.

"Ke da ko tsayuwa ba kya iyawa?" in ji Kawu.

"Kawu, ni ce ta ƙarshe ko ba ni ba? Tsintsiya bayan na ƙarshe take bi. Ku ɗaura min."

Baba ya hau kan taya ya kwance tsintsiyar. Ya sa igiyar roba ya ɗaure sandar a jikin keken, daga ƙarƙashin sirdi ta miƙe baya kamar wutsiya. Ya ja kullin ya gwada, ya sake ja. Ya tsiyaya kofi a murfin fulas ya miƙo min.

"Yanzu ba kowa a bayanki. In kin faɗi, sai dai shanu su ɗauke ki."

"Na ji."

Na shanye. Sauran tudun da ƙafa na hau shi ina tura keke, takalman ƙarfe na santsi a kan dutse. Babu dokar da ta hana. A sama na hau sirdi.

Ban san yadda na saba da kukan injin ba sai da ya ɓace. Shiru ya yi yawa. Ƙarar taya a kan ruwa, hankaki, numfashina. Sandar tana gugar cinyata a kowane juyi har fatar ta saluɓe, tsintsiyar ta sha ruwa ta yi nauyi, iska na kama ta tana karkata ni. Cinyar ta sake murɗewa a gangaren gidan cuku, na bar ta ta yi abinta, na taka da ɗayar.

Mai tutar farko da ya hango ni ya buɗe baki. Ya leƙa bayana yana neman mota, ya dubi tsintsiya, sannan ya naɗe tutarsa a hankali ya nufi kekensa. Na gaba ya yi ihu, "Firmin ya rame!" Ban da ƙarfin dariya.

Gwaggo Zulma tana zaune kan kujerar roba ƙarƙashin lema, leɓɓanta sun yi shuɗi.

"'Yar nema, kin kusa kashe ni. Ina ƙanena?"

"Yana tudun coci. Mota ta mutu."

"Odiel fa?"

"Yana cikin bargo."

Ta yunƙura ta tashi, ta ɗaga tutar ta tare wata tarakta da ko kusa ba ta iso ba. "Wuce, uwata. Wuce kafin in fasa."

Na tarar da mutanen dandali sun sauke ƙyallen ƙarshen zagaye, suna loda benci a mota. Warin soyayyen dankali yana fitowa daga mashaya. Na tsallake farin layin da ruwa ya kusa wankewa, na matse birki, sai ƙafata ta ƙi fita daga feda. Na jingina da sandar fitila na tsaya a haka. Shugaban ƙungiya ya fito da kofin barasa a hannu, ya zagaya bayana ya duba.

"Lambar tana nan," ya ce wa na ciki. "Wani ya kawo riga, ƙarama."

"A fara sauke ni," na ce. "Sannan a tura wa Baba mota."